Yaron Da Gyaɗa Ba Ta Karɓe Shi Ba: Wa Zai Faɗa Wa Kaka?

Akwai wata matsala da ke damun gidaje da yawa, amma kunya ta hana a yi maganarta. Ita ce ta yaran da jikinsu ba ya jituwa da wani abinci, kamar gyaɗa, ƙwai, madarar shanu, kifi ko riɗi. Da zarar yaro ya ci, cikin 'yan mintoci sai borin jini ya feso masa, leɓe da idanu su kumbura, ya kama amai. In abin ya tsananta maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara, kuma ana rasa rai a haka.

To amma a leƙa babban gida a gani. Uwa ta ce likita ya hana ɗanta gyaɗa, kaka ta ce tsirfar 'yan boko ce, ai da kunun gyaɗa aka yaye ubansa. Gwaggo ta faki ido ta danƙa masa ƙuli-ƙuli, wai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba. Ba mugunta ba ce, so ne, amma so ne da zai iya kai yaro kushewa.

Maganar sabo tana da ƙanshin gaskiya. A 2015 likitoci a Landan sun fitar da sakamakon bincike kan jarirai 640, inda aka ga fara ba da gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Sai dai wannan rigakafi ne. Yaron da ya riga ya kamu, ɗan ɓarɓashi ma na iya tayar masa da ciwon, kuma ba a gwajin sabo a tsakar gida.

Abin takaicin shi ne yadda maza ke zamewa su bar wa mata wannan yaƙi. Ta yaya matar da ko sunan surukarta ba ta iya faɗa za ta ƙwace loma daga hannunta? Uba ne ya kamata ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya yi mata bayani cikin ladabi, in da hali ya kai ta ta ji daga bakin likita. Yaro amana ne a wuyansa, kuma faɗa wa iyaye gaskiya ba saɓa masu ba ne.

A kuma sanar da dangi inda gyaɗa ke ɓuya: yajin tsire, kilishi, miyar taushe, man gyaɗa na gida, har ludayin da aka juya wata tukunya da shi. Ranar suna, biki ko Sallah, lokacin da kwanuka ke yawo tsakanin gidaje, a ɗora wa babba guda alhakin lura da yaron.

In kuwa aka ga kumburi tare da sarƙewar numfashi, ba lokacin jiƙo ko shafa manja ba ne, Piriton ma ba ya buɗe maƙogwaro. Allurar adiranalin a cinya ita ce magani, sai a garzaya asibiti mafi kusa nan take.