Madafar Gidan Abinci: Dandalin Fargabar da Fina-finan Hausa Suka Bari

Fim ɗin fargaba shi ne wanda yake riƙe mai kallo da zulumin abin da ke ɓoye a zuciyar ɗan Adam. A 'yan shekarun nan masu shirya irinsa sun karkata zuwa madafar gidan abinci, inda wuta da wuƙa da ƙurewar lokaci suka haɗu ƙarƙashin shugaba guda da ba a yi masa musu.

A Boiling Point (2021), wanda Philip Barantini ya ɗauka a Landan ba tare da yanke hoto ba, kuskure ɗaya a madafa ya jefa ran wata mai cin abinci cikin haɗari. A The Menu (2022) na Mark Mylod kuwa, babban kuku ya tara attajirai a wani tsibiri da niyyar hallaka su. Jigon duka biyun ɗaya ne: mai ci ya damƙa ransa ga hannun da ba ya gani.

Bahaushe ya san wannan tsoro. Sai dai fina-finan Kannywood sun taƙaita shi ga kishiyar da ke barbaɗa magani a miya, alhali ainihin tashin hankalin yana cikin zargi, tun kafin a tabbatar da laifi.

Unguwar Kilomita Biyar da ke Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta isa misali. Cibiyar kasuwanci ce da Hausawa suka daɗe a cikinta. Rikicin Seleka da Anti-balaka na Disambar 2013 ya mayar da ita mafakar Musulmi, fita daga cikinta ta zama kasada, har Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacinta ranar 30 ga Nuwambar 2015 yana kiran sulhu. A ƙaddara wata mai sayar da abinci a can, ma'aikatanta Musulmi da Kirista, ga kuma tsohon ɗan bindiga zaune yana jiran kwanonsa. Wa zai zuba masa? Me mai zubawar ta rasa a 2013?

Irin wannan fim ba ya neman kuɗi mai yawa: ɗaki ɗaya, murhu, da 'yan wasa ƙalilan. Abin da yake nema shi ne marubucin da ya san nauyin amana, kuma bai kamata marubutan Hausa su jira baƙo ya rubuta musu shi ba.