Kowa Marubuci, To Wa Zai Karanta?

'Yan'uwa marubutan Katsina, gaskiya ɗaci gare ta. Muna taruwa da sunan masoya littafi, amma kowa da rubutunsa a hammata, yana jiran "Allah ya ƙara basira." Tambaye shi littafin wa ya saya bana, sai susar ƙeya!

Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta garin nan ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Sai da ya ƙoshi da littattafan Larabci da Turanci kafin ya ɗauki alƙalami.

Saboda haka a kafa doka: wanda bai karanta na wani ba, kada a saurari nasa. Mai ja ya amsa a fitowa ta gaba.