Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mai Martaba Sarkin Karaye: Hayaƙin Sigarin Uba da Jinin Yaro



Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Rogo Sabon Gari bayan isha'i ya san yadda abin yake. Magidanci ya sayi sigari kara ɗaya, ya zuƙi rabi, ya murje wutar, ya ƙarasa sauran a ɗakin da jariri ke barci, taga a rufe saboda sauro. Wani ma yaronsa yake aika ya sayo masa. Alhali dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

A cikin hayaƙin nan akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. A 2009, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta yanke cewa shan tabar iyaye na jawo wa ƙananan yara wani nau'in sankarar hanta. Game da sankarar jinin yara kuwa, ta ce akwai alaƙa, amma hujjar ba ta kammala ba. Abin lura shi ne zargin ya fi karkata ga uba, har da tabar da ya sha kafin a ɗauki cikin, domin tana iya lalata ƙwayoyin halittar da ke cikin maniyyinsa.

To, wa ke gaya wa uban? Wajen awon ciki mata ake tarawa a yi wa bayani, maigida yana gona ko kasuwa.

Ciwon sankarar jinin kuma mayaudari ne. Yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi na zubar da jini, a yi ta ɗura masa maganin maleriya da na shawara. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika, sau da yawa an makara, ga tsadar ƙarin jini.

Maza suna jin maganar fada. Roƙon talakawa shi ne Mai Martaba ya umurci hakimai, dagatai da masu unguwanni na Karaye da Rogo su tara magidanta, limamai su sa batun a huɗuba, masu ɗaura aure su ja kunnen angwaye. A hana masu tebur sayar wa yara, wanda kuma ya kasa daina sha ya fita da sigarinsa daga cikin gida.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.