HANYAR KASUWA TUKUNA, SHAN ISKA DAGA BAYA

Jama'ar karkara, ku kasa kunne! A 2003 Sarauniyar Ingila ta buɗe lambun shaƙatawa na Millennium a Maitama, Abuja, da hanyoyi shimfiɗaɗɗu don masu yawon shan iska. Har yau ana ware kuɗin gwamnati don irin wannan aiki a birane. Kuɗin nan na wa ne? Naku ne, gumin talaka! To, don me da damina ta sauka sai hanyar ƙauyenku ta yanke, amfanin gona ya kasa kai wa kasuwa, mai naƙuda ta haihu a amalanke? Jam'iyyarmu za ta fara da hanyar kasuwa da ta asibiti. Ranar zaɓe ku fito, maza da mata, ku dangwala mana!