Lofen Kaka Ba Kayan Bola Ba Ne

Ranar rabon gado a ƙauye, kowane kaya yana da mai nema. Gona da shanu ana zama a kansu har da mai unguwa da liman, keke da rediyo ana yi musu kuɗi, hatta tsohuwar garma ba ta rasa mai ɗauka. Amma idan aka zazzage jakar fatar marigayi, lofe ya faɗo tare da batta da ƙyastu, sai kowa ya kau da kai. Wani ya ce Allah ya yafe masa, a tura wa yara su yi wasa, kafin la'asar kan lofen ya fashe an share shi zuwa bola. In kuwa na tagulla ne, 'yan gwangwan za su auna shi a sikeli tare da tsoffin kwanuka.

Haka kayan taba na dā suke ƙarewa a Gammo da Godiya da Garo cikin ƙaramar hukumar Kabo, haka kuma a Getso da Kutama da Lakwaya ta ɓangaren Gwarzo. Kunya ce ke cinye su. Jama'a sun yarda taba ba abin alfahari ba ce, kuma suna da gaskiya. Sai dai garin gudun tabar an haɗa da aikin hannun magini da maƙeri da baduku an zubar.

Lofe ƙaramin abu ne, amma sana'a uku ko huɗu ke haɗuwa a jikinsa. Mai ginin tukwane ne ke murza kan da yumɓu, ya yi masa zane tun yana ɗanye, ya gasa. A samo kara ko icce mai rami a yi masa mariƙi. Baduku ya naɗe mariƙin da jar fata, wani lokaci har da tuntu. Mai hali kuma ya kai wa maƙerin farfaru ya sa masa baki na ƙarfe. Battar da ake zuba garin taba ita ma gwaninta ce: ɗanyar fata ake lulluɓa wa curin yumɓu, in ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage, a bar ƙoƙon fata mai murfi wanda danshi ba ya ratsawa. Roba ta kashe wannan kasuwa, kuma saurayin da zai iya bayyana yadda ake yin batta a yau sai an tona.

Tabar kanta baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta bakin teku da kuma ta hanyar ayarin Sahara. Tun isowarta malamai suka rabu a kanta. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya yi rubutu a 1607 yana ganin ba ta haramta ba. A cikin wannan ƙarni na 17 kuma Muhammad al-Wali, wani malami Bafulatani na ƙasar Bagirmi, ya rubuta littafi guda yana kafa hujjar haramcinta. Daga baya ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a Kano, ta hana mabiyanta kusantar taba. Ke nan tsohon da yake ɓoye lofensa in ya hango malam ya gaji wata muhawara ce mai shekara 400.

Duk da haka ta shiga gidajen Hausawa ta zauna. Hugh Clapperton, Baturen da ya iso Kano a watan Janairun 1824, ya rubuta cewa mutanen gari suna cin goro da garin taba haɗe da kanwa, kuma suna rina haƙora da leɓe da furen taba. Tsofaffin mata a ƙauyukan yammacin Kano har yanzu suna tuna fure, da yadda jan haƙori yake cikin adon amarya. Wanda ya ga kakarsa da jajayen haƙora bai kamata ya yi mamakin samun lofe a jakar kakansa ba.

Sigari ne ya kori lofe, tun kafin asibiti ya sa baki. Kamfanin taba na Najeriya, NTC, ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, karan sigari ya zama alamar wayewa, lofe ya koma kayan tsofaffi da mutanen karkara. Yanzu kuma samarin birni sun koma wa shisha, tukunyar hayaƙin da aka kwaso daga ƙasashen Larabawa, suna yi mata kallon sabon abu.

A wasu ƙasashe tsohon lofe dukiya ne. Garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna tun tsakiyar ƙarni na 19 da sassaƙa lofe daga saiwar wani icce mai jure wuta. A Eskişehir ta Turkiyya ana haƙo wani farin dutse mara nauyi ana sassaƙa shi da siffar kawunan mutane da dabbobi. Lofen Dunhill na Landan da na Peterson na Dublin, in sun tsufa, masu tarawa suna duba hatimin da ke jikinsu su gane zamanin da aka yi su, su yi ciniki a kai kamar yadda ake cinikin doki. Birnin Amsterdam yana da gidan tarihi sukutum na lofe kaɗai, kuma a cikin kayansa akwai na Afirka. Ko a nan maƙwabta, manyan lofunan tagulla na masarautar Bamun da ke Fumban a Kamaru suna cikin abin da baƙi ke zuwa kallo. Da yawa daga masu wannan tari ba su taɓa kunna ashana a kan ko ɗaya ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi sha'awa nauyi. Tunda an san lokacin da taba ta shigo, masu haƙar kufai a Afirka ta Yamma suna amfani da kan lofe wajen ƙiyasta shekarun wuri: ƙasar da aka tarar da shi a cikinta ba ta girmi wajen shekara ta 1600 ba. Thurstan Shaw ya haƙo irinsu a Dawu ta ƙasar Gana, Paul Ozanne kuma ya jera na yankin Akara bisa siffa, har ya zama ana duban ƙirar kai a faɗi zamaninsa. Yammacin Kano cike yake da kufai da tsoffin ganuwa, Godiya ma sunanta ya fito a tsohon tarihin sarakunan Kano. Manomi a Gammo da garmarsa ta tono fasasshen kan lofe ya riƙe shaidar da za ta iya faɗin lokacin da aka zauna a gonarsa, amma galibi jifa yake yi da ita bakin kunya.

Masu ƙin wannan magana za su ce adana lofe talla ce ga taba. Damuwarsu tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, Najeriya kuma ta kafa dokar taƙaita ta a 2015, kuma hayaƙin lofe bai fi na sigari sauƙi ga baki da maƙogwaro ba. Amma Gidan Makama a Kano yana ajiye da sulke da kayan yaƙin dā, ba wanda ya ce yana kiran mutane zuwa fagen daga. Yaron da aka nuna wa lofe a bayan gilashi, aka gaya masa tarihinsa har da tarin da ya kwantar da masu shansa, ya fi wanda ya fara ganin hayaƙi a gidan shisha samun abin kariya.

Aikin adana lofe ba ya buƙatar kwangila. Malamin tarihi a makarantar sakandare ta Kabo ko Gwarzo zai iya sa ɗalibai su tambaya a gidajensu, kowane lofe ko batta a rubuta garin da aka same shi, wa ya ƙera in an sani, da abin da tsofaffi ke kiran kowane sashe nasa. Dagatai su ajiye abin da aka samu, a sanar da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Dillalin da ya zo da kuɗi yana neman kayan dā kuma a tuna masa cewa dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Tambayar ma tsofaffin mata ya kamata a fara yi wa, don su ne suka san ɗakin da aka jefa jakar malam bayan sadakar arba'in.