Waifan da bai kai cikin gida ba

A gidan da aka sayi rauta a Bici, ba a daɗewa ake gane inda ƙarfinta ya ƙare. Gindin tagar falon maigida ne ke zama matattara: ɗalibi ya jingina da bango yana sauke takardun makaranta, ƙanwarsa ta tsuguna tana jiran hoto ya tafi, uwargida kuma ta aiko yaro da wayarta domin saƙon mai saye ya shigo. Taku talatin daga nan, a ɗakunan mata da ɗakin samari da shagon da ke jikin katanga, waya ba ta ganin komai. Kuɗin data ya fita da sunan gida duka, amma ɗaki ɗaya ke cin moriyarsa.

Yawancin shawarwarin da ake samu kan wannan matsala an rubuta su ne domin gidajen Ingila da Amurka, inda iyali ke zaune a gini ɗaya, sai wata 'yar rumfar ajiye kaya a ƙarshen lambu da ake so sigina ya kai. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Zaure daban, turaka daban, ɗakin kowace mace daban, ga kicin da rumbu da tsakar gida a tsakani. Abin da Bature zai kira ginin waje, a nan shi ne inda mafi yawan mutanen gida ke kwana suna tashi. Magani mai ɗorewa a irin wannan gida shi ne a binne kebul daga rauta zuwa ɓangaren da ke nesa, a sa rauta ta biyu a can. Na'urar ƙara ƙarfi da ake kira busta, wadda hannu ke fara kaiwa gare ta a kasuwar Farm Centre ta Kano, ita ce ta fi dacewa a bari a kan kanta.

Dalilin yana cikin yanayin waifai kansa. Igiyar rediyo ce mai rauni, wadda ke tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko ya fi nisa da iya ratsa bango, na biyu ya fi sauri amma yana saurin gajiya. Ko a fili fetal, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin da ke isa waya yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Bango kuwa yana cin nasa rabon. Katangar tubali mai kauri, wadda ke hana zafin bazara shiga ɗaki, ita ce ke shanye sigina, musamman da damina idan ta jiƙe, domin ruwa yana tsotse irin wannan igiya. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe su kuma mayar da ita baya suke yi. Siginar da zai tashi daga turaka zuwa ɗakin amarya sai ya ratsa bango biyu aƙalla, sau da yawa uku ko huɗu.

Akwai kuma abin da ake mantawa: waifai zance ne tsakanin biyu. Ko rauta ta ɗaga murya har waya ta ji, dole wayar ta mayar da amsa, kuma muryarta ƙarama ce. Shi ya sa ake ganin alamar sigina a fuskar waya amma shafi ya ƙi buɗewa.

Busta ba ta ƙirƙirar ƙarfin da babu. Abin da ta ji take maimaitawa, kuma irin mai araha tana saurare tana maimaitawa ne a kan hanya ɗaya, don haka sauri yakan ragu da kusan rabi. Domin ta yi amfani, sai an ajiye ta a tsakiyar tafiya, inda siginar bai riga ya mutu ba. A gidan Bici, tsakiyar tafiyar ita ce tsakar gida, inda babu soket, ga rana, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina. Sai a kai ta ɗakin da ke nesa a jona, ta kama ragowar sigina ta maimaita shi da raunin da ta same shi. Alamar waya ta cika, aiki bai tafi ba, dubban nairori sun tafi.

Na'urorin da ke bi da intanet ta wayoyin lantarkin gida su ma ba su dace da nan ba. Suna bukatar wuta a layin a kowane lokaci, kuma ɗakunan biyu su kasance a kan haɗi ɗaya. Gidan da ke juyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta da sola, wanda aka ja wa kowane ɓangare waya a shekara daban, da wuya ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Kebul ba ruwansa da kaurin bango. Irin wanda ake kira Cat6 yana ɗaukar intanet har mita 100 ba tare da sauri ya ragu ba, kuma gidaje kaɗan ne suka kai wannan tsawo daga zaure zuwa bayan gida. Aikin ba ya wuce yini ɗaya: a haƙa ɗan rami a bi gindin katanga, a zura kebul cikin bututun roba domin ɓera da fartanya, a rufe, a jona shi da rauta ta biyu a rataye ta sama a ɗakin da ake so. A nemi na jan ƙarfe zalla, domin akwai na alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, mai saurin karyewa. Kada a rataya shi a sama daga kwano zuwa kwano. Rana tana cinye robarsa, kuma tsawar damina na iya bi ta cikinsa ta ƙone na'urorin biyu. Akwai ma rautocin da ke karɓar wutarsu ta cikin kebul ɗin kansa, ta yadda batir ɗaya a ɗakin maigida zai riƙe duka biyun idan an ɗauke wuta. Kafin a sayi komai kuma, ya kamata a gwada abin da ba ya cin ko sisi: a fitar da rauta daga bayan talabijin, a ɗaga ta sama kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. A ƙaramin gida, wannan kaɗai na iya wadatarwa.

Mai kuɗin sayen Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, shi ma bai tsira ba. Faranti yana sauko da intanet daga sama zuwa ɗaki ɗaya ne. Daga nan zuwa sauran ɗakuna, bangon nan dai yana nan.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce jin daɗin kallon bidiyo a kan gado. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ƙananan sayayya ta ƙara ciwo, kuma wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan shi ne ke biya mafi tsada a kan kowane gigabait. Su wane ne masu sayen kaɗan-kaɗan? Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ko cincin ta WhatsApp daga ɗakinta ba tare da ta fita ba. Yarinyar da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bici, wanda malamansa ke turo aiki ta waya. Su ne ke ɗakunan da sigina bai kai ba, kuma wasunsu al'ada ba ta ba su damar zaman falon maigida ko zaure a duk lokacin da suka so ba. Inda aka ajiye rauta, nan aka yanke hukuncin wanda zai samu da wanda zai roƙa, ko da ba a yi niyya ba.

Magidanta suna da hujjar yin ɗari-ɗari, kuma ba hujjar banza ba ce. Idan sigina ya kai ko'ina, data za ta ƙare kafin wata ya raba, yara za su kwana a kan waya, kalmar sirri kuma za ta tsallaka katanga ta zama ta unguwa. Sai dai barin sigina ya mutu a tsakar gida ba tarbiyya ba ce, domin yaron da ake gudun ya kwana a waya shi ne ya fi kowa iya laɓewa a gindin taga, uwarsa ce ba za ta iya ba. Rautoci da yawa suna ba da damar buɗe layin baƙi daban, a ƙayyade saurinsa, a sa masa lokacin rufewa da dare, a kuma ga wayoyin da ke kai. Zaure, inda baƙi da maƙwabta ke zama, layin baƙi ya ishe shi. Cikin gida shi ya cancanci babban layi.

Wanda ke gini yanzu a Bici yana da damar da ta fi ta kowa. Kafin a zuba simintin tsakar gida, ya sa magini ya shimfiɗa bututun roba ɗaya daga ɗakinsa zuwa ɓangaren iyali, wani kuma zuwa zaure, ko da bai sayi rauta ba tukuna. Kuɗin bututun bai kai na fasa daɓe daga baya ba, kuma ranar da aka zura kebul a ciki, uwargida za ta amsa wa mai saye daga kan tabarmarta, ba sai ta aiki yaro gindin taga ba.