Daren Da Na Kwana A Gidan Takarda

 Masu aiko da wasiƙu suna cigiyar ƙarshen littafina, ku yi min uzuri, tafiya ce ta kama ni zuwa Jafan, inda yayana yake karatu.

Wata Asabar ya ɗauke mu ni da Anti, matarsa, daga Osaka a jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa ɗaya, zuwa garin Tamba-Sasayama. Garin ya kafu ne a kewayen wata fadar yaƙi da aka gina a 1609 bisa umarnin Tokugawa Ieyasu. Babban zaurenta ya ƙone a 1944, aka sake gina shi a 2000. Da samari suka yi ta gudu birni, gidajen attajiran da suka zama kangaye, shi ne a 2015 aka gyara wasu aka mai da su masaukin baƙi. A irinsu muka sauka.

Ina leƙawa na ce, “Yaya, nan ka biya kuɗi? Ko gado babu!” Ya ce, “Ke dai cire takalmi.”

Ɗakin shimfiɗe yake da tatami, wata tabarma mai kauri, ƙamshinta kamar sabuwar ciyawa. Ƙofofin kuwa katako ne siriri da farar takarda, turawa ake yi gefe. Da dare aka shimfiɗa min katifa a ƙasa. Abin kunyar da na tafka: banɗaki yana da silifas ɗinsa daban, ni kuma na manta na taho da su har kan tabarma. Dattijuwar da ke kula da mu ta kalli ƙafata, ta sunkuya tana murmushi. Oh ni 'yasu! Na so ƙasa ta tsage in shige.

Wadda Allah ya kai ta garin, ta kula da abinci. Abin alfaharinsu a lokacin sanyi shi ne botan nabe, farfesun aladen daji ne. Mu dai shinkafa da kifi muka ci, da baƙin waken suya da garin ya yi suna a kansa.

Barci ne ya ƙi zuwa. Sanyi na shigowa ta ko'ina, katako na ƙara, tarin Yaya a ɗaya ɗakin kamar a kunnena. Na kwanta ina kallon gungumen da ke riƙe da rufin, ya yi baƙi wuluk don tsufa, ba wanda ya shafa masa fenti. Haka kawai sai azarar soron kakata Hajiya Babba ta faɗo min a rai. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Ni ce kan gaba cikin jikoki wajen matsa wa Baba a rushe gidan a yi na bulo, don ina jin nauyin ƙawayena su ganni ina fitowa daga gidan ƙasa. Ranar da na faɗa a gabanta, tsohuwar ba ta tanka ba, carbinta kawai ta ci gaba da ja.

Da asuba, bayan na idar da salla, na ari wayar Yaya na kira Kano. Can dare ne, har Baba ya tsorata. Na ce, “Baba, maganar soron Hajiya, don Allah a dakata.” Ya yi shiru, can ya ce, “Ai magina sun riga sun karɓi kafin alƙalami. Sai kin dawo ma yi magana.”